Rake a Tsaye Ba Ya Tsami

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin tarar da Goggonki Asabe da maigidanta da yara duk ƙalau. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa ki shiga wannan aiki da ƙafar dama. Ki gaishe mini da su ɗaya bayan ɗaya, ki ce wa Asabe amana ce na aiko mata.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a cikin jakarki, ga waya a hannun kowa, kuma gida ɗaya muka kwana. Dalilin ba shi da nisa. Sunan mahaifiyata gare ki, mutum kuwa ba ya zaunar da uwarsa ya yi mata wa'azi. Duk lokacin da na shirya magana, kika ɗago kai kika dube ni da idon nan irin nata, sai bakina ya mutu, in koma tambayarki ko kin ci abinci. Takarda ba ta da wannan kunyar, shi ya sa na aiko ta. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da adda ne.

Shekaranjiya da kika zo gaishe ni a zaure kin ba ni labarin aikin. Kamfanin yogot ya ɗauke ki gwaji na 'yan watanni, ke ce za ki riƙa faɗin yawan abin da za a yi kowace rana. In sun gamsu su tabbatar da ke, in ba su gamsu ba su sallame ki kamar yadda suka sallami wanda ya riga ki. Kin ce mai kamfanin ya yi ƙorafin cewa wancan mutumin yakan bar inji a kashe rabin yini, sannan kika yi murmushi kika ce ke a hannunki injin ba zai huta ba. Na ce Allah Ya taimaka, kika tashi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ma na taɓa faɗinta da bakina, kuma na ga inda ta kai ni.

Ban san yogot ba. Abin da na sani game da shi bai wuce yana da daɗi in ya yi sanyi ba, kuma in ya daɗe yana lalacewa. Ke kika yi karatunsa, ni mai mazarƙwaila ne. To amma nawa kayan ma yana lalacewa, kuma ni ma da inji nake aiki, saboda haka ki karanta, ki ɗauki wanda ya yi miki, ki bar mini sauran.

Ke kin taso kin tarar da inji, zamanin doki sai dai a labari. Lokacin da Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya ɗauke ni ya koya mini sana'ar nan a bakin fadamarmu, da doki muke matse rake. Baƙin doki ne, Akawal muke ce masa. A ɗaura masa doguwar sanda ya yi ta zagaye, ƙarafan matsa suna juyawa, mutum ɗaya na zaune yana cusa rake, ruwan yana tsiyaya cikin garwa. Daga garwa sai kasko, a yi ta ba shi wuta ana kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuzzuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Iyakar sana'ar ke nan.

Akawal yana da wani hali da ya dame ni. Da rana ta take sai ya ja ya tsaya, ko za ka karya masa tsumagiya a jiki ba zai ƙara taku ba sai ya sha ruwa ya huta. Ni kuwa lokacin jini na tafasa, ina kallon rake tsaye a gona ina cizon yatsa, ina cewa wannan dabba ce ta shiga tsakanina da arziki. Abin da ban lura da shi ba, ruwan da yake matsewa kafin ya tsaya shi ne daidai abin da kaskonmu zai iya dafawa kafin magariba, kuma abin da muke tarawa a mako shi ne daidai abin da masu saye suke kwashewa ranar kasuwar Makarfi. Kada ki ce babanki ya tsufa ya fara yabon wayon dabba. Kawu ne ya daɗe yana gwada abin har ya zauna haka, ni kuma na zo na tarar da shi a zaune na ɗauka ragwanci ne.

Da Kawu ya tsufa ya sakar mini wurin, abin da na fara yi shi ne na sayar da Akawal, na haɗa da ɗan abin da na tara na sayo injin gas. Ranar da aka tayar da shi babu wanda bai zo kallo ba a ƙauyen nan. Raken da doki zai yini a kansa, injin ya lashe shi kafin hantsi ya dubi ludayi. Kawu ya dogara sandarsa ya zo, ya zagaya shi, ya shafa, ya sa albarka. Da zai tafi sai ya ce, "Haruna, ƙarfe ya yi kyau. Amma wa ya ce maka yana son ƙari?" Na yi dariya, na ce masa ai mazarƙwaila ba ta kwantai, kuma a hannuna injin nan ba zai huta ba. Ya juya ya kama hanyar gida.

Kuskurena na farko a wurin aikin ya faru, tun kafin a kai ga kasuwa. Inji yana aman ruwan rake, kasko kuwa ɗaya ne, kuma kasko bai san sauri ba. Garewani suka cika, na aro duro, shi ma ya cika. Ruwan rake ba ya jira. In ya yini a ajiye sai ya fara kumfa yana wari, ya yi tsami, ko ka dafa shi ba zai daskare yadda ya kamata ba. Sai na koma kan Iliya, mutumin Kurmin Kogi da ke kula da kasko, wanda kika sani da furfurarsa yanzu, na matsa masa ya ƙara wuta. Ya ce mini ba za ta yi ba, na ce ni ne mai wuri. Ya ƙara. Abin da muka sauke ranar baƙi ne ƙirin, ga ɗacin ƙauri, ko awaki shinshinawa suka yi suka wuce. A cikin wannan gaggawar ce tafasasshen ruwa ya fallatsar masa a hannu. Tabon yana nan har yau, kuma in na gan shi nakan kawar da kai.

To Uwani, ranar da kika shiga wurin nan kada ki tsaya kallon injin da ya fi kowa ƙara. Ki nemi kaskonsu. Kowane wurin aiki yana da nasa, wato inda kaya ke taruwa suna jira. Wataƙila inda ake barin madarar ta kama ne, wataƙila ɗakin sanyi, wataƙila motar da ke fitar da kaya. Duk gudun da sauran za su yi, iyakar abin da wannan wurin ya iya ɗauka shi ne aikinku na ranar, ragowar jira zai yi har ya ɓaci. In kuma wanda ya daɗe a bakin aikin ya ce miki ba za ta yi ba, ki tambaye shi dalili kafin ki tuna masa muƙaminki.

Da ni mai hankali ne da nan na tsaya. Sai na ce ai matsalar kasko ce, na gina murhu biyu, na ƙara kasake, na ɗebo ma'aikata. Yanzu kam komai ya hau layi, inji na ci kasake na dafawa, tun asuba har duhu. A cikin 'yan makonni na sa aka sassare raken fadama kusan duka. Masu saye kuwa su ne dai na jiya, abin da suke ɗauka ma shi ne na jiya. Ragowar na riƙa jerawa a ɗakin nan na kusa da rumbu har ta kai rufi. In na yi baƙo sai in ja shi in buɗe masa ƙofar, wai ya ga ikon Allah. Ni a ganina dukiya nake kallo.

Tun kafin ruwa ya sauka abin ya fara cina ban sani ba. Tunda ɗaki cike yake, duk wanda ya zo saye tsohuwa nake ba shi don in rage, sabuwar da aka sauke yau kuma ta shiga layi ta jira har ita ma ta tsufa. Ga wuta uku a kunne, amma babu mai samun sabuwar mazarƙwaila a hannuna. Hajiya Lami, mai kunu a tashar Ikara, wadda tun zamanin Kawu a wurinmu take saye, ita ta faɗa mini. Ta ɗaga guda ta shinshina ta ce, "Malam Haruna, da can in na buɗe kwandonku ƙamshi ke fara gaishe ni. Yanzu sai warin ɗaki." Na ce mata hancinta ne ya tsufa. Ta yi dariya ta ɗauki kayanta ta tafi, amma daga makon nan ta rage abin da take ɗauka.

Sannan damina ta faɗi. Kin san mazarƙwaila da danshi ba sa ga maciji. Ta fara laushi, ta fara gumi, dunƙule ya manne da dunƙule. Wata safiya Innarki ta fito shara ta ga baƙin ruwa mai yauƙi yana bin ƙasan ƙofa har tsakar gida. Kiyashi ya yi gayya, ƙudan zuman yankin nan kaf suka yi ƙaura zuwa gidanmu, har mai kawo mana nono ta daina shigowa, sai dai ta tsaya a waje ta yi kira. Da na buɗe ƙofar sai na tarar dukiyata ta narke. Innarki, kin san ta, tsintsiya kawai ta miƙo mini. Abin da ya tsira muka sake dafawa ya fito baƙi, na sayar da shi yadda aka taya. Babban abin takaicin, da masu saye suka dawo neman mai kyau babu raken da zan matsa, na riga na sare shi.

A kwanakin na je gaishe da Kawu, kaina a ƙasa ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin rake ya yi tsami a tsaye a gonarsa. Na ce a'a. Ya ce to babu ɗakin ajiyar da ya kai karan kansa, saiwa a ƙasa. Shi ma yana da iyaka, amma iyakarsa watanni ce. Daga lokacin da ka sa masa adda kuwa ka shiga tsere da rana, don haka kada ka sara sai ka san bakin da zai sha. Ya faɗi wannan ya koma tambayata lafiyar yara.

Kin gaya mini da garin madara kuke yin naku. To buhun garin nan, matuƙar yana ɗinke a busasshen wuri, shi ne rakenki na tsaye. Zai jira ki. Ranar da kika sa aka kwaɓa shi kin sare shi ke nan, kwanakinsa sun fara ƙirguwa, ga kuɗin man janareta da za a yi ta ƙonawa don a riƙe shi da sanyi. In kin shiga ɗakin sanyi kika gan shi cike har ƙofa, kada zuciyarki ta yi fari irin yadda tawa ta yi. Ki tambaya na yaushe ne, kuma wa zai ɗauka.

Za ki ce daga nan na warke. Ina! Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekarar da ta biyo na koma matsoraci, na kashe murhu biyu, ina yi kaɗan-kaɗan kamar mai ɗanɗana miya, ɗakin ajiya fayau har ina alfahari da hakan. Azumi ya matso. Kowa ya san da azumi ake shan kunu da koko fiye da kullum, ni ma na sani, amma tsoro ya hana ni shiri. Sai ga Alhaji Mamman, wani mutumin Maraɗi da ke zuwa mana duk shekara kafin a ga wata, ya iso da motarsa har ƙofar zaure. Na shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, muka gaisa muka sake gaisawa, ina ta jan gaisuwa don ban san ta inda zan fara ba. Da na gaya masa abin da ke ƙasa, na roƙe shi ya ba ni mako guda. Ya ce, "Ni zan iya jiranka, Malam Haruna. Azumi ne ba zai jira ni ba." Ya yi sallama cikin mutunci ya wuce Hunkuyi, can ya yi lodi. Har yau in mun haɗu a kasuwa muna gaisawa da fara'a, yana tambayar iyali, amma motarsa ba ta sake tsayawa a ƙofata ba. Wannan ya fi narkewar ɗaki yi mini ciwo, domin ɗaki dai mun share shi ya bushe.

Saboda haka kada ki ɗauka ina ce miki ki yi ƙwauro. Kwantai asara ce, mai saye ya zo ya koma hannu rabbana ita ma asara ce, kuma ita ba a ganinta a ɗaki balle a lura. Kasuwa tana da lokutanta, ba ta kuma ɓoye su. Naku abin sanyi ne, da zafin bazara za a neme shi kamar me, da azumi ma haka, in sanyi ya shigo mutane su koma shayi. Ki riƙa duban gaba. Ki fara ƙarawa a hankali kafin lokacin ya iso, ki fara ragewa kafin ya wuce. Ki kuma ajiye ɗan na ko-ta-kwana, daidai wanda in baƙo ya faɗo ba za ki ji kunya ba, in bai zo ba kuma gobe zai fita.

Akwai wani kuma da har yanzu in na tuna nakan yi wa kaina dariya. Wata ranar kasuwa dillali ya same ni ya ce ana neman lodin mota guda, in shirya. Ban tashi daga wurin ba wani ya zo da irin maganar. Da la'asar na uku ya tare ni a bakin masallaci, shi har da rantsuwa. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, na ce wa Iliya kasuwa ta buɗe, lodi uku ake nema, a tayar da duk murhun da ke wurin. Muka yi kwanaki ba mu san inda kanmu yake ba. Ranar ɗauka sai ga su su ukun a mota ɗaya, tare da mutum ɗaya. Ashe baƙo ne ya sauka kasuwa ya ce yana son lodi guda, kowane dillali ya ji ya ruga nema masa, duk suka faɗo kaina. Ya ɗauki nasa guda ya tafi. Dillalan suka tsaya suna rigima a kan la'ada, ni kuma ina tsaye da lodi biyu marasa mai su. Allah Ya taimake ni rani ne, na kashe wuta na lallaɓa na fitar da su a hankali.

Ke ma za ki haɗu da irinsu. Diloli za su yi ta kiranki a waya, kowa yana cewa kaya sun ƙare, a ninka masa. Ba lallai ƙarya suke ba. Wani tsoron rasawa ne ya sa ya nemi fiye da buƙatarsa, wasu kuma shago ɗaya suke yi wa magana su duka. Dillali ba ya shan kunu da abin da ya nema. Ki bi maganar da tambaya, cikin ladabi, har ki kai ga wanda zai sha. Kada kuma ki kunna inji don kawai kin ji na maƙwabta yana ƙara. Na taɓa hura wuta don na hango hayaƙin wani a wajen Saulawa, daga baya na ji ashe na bikin 'yarsa yake dafawa.

Yadda nake yi yanzu kin gani da idonki, sai dai ban taɓa gaya miki dalili ba. Kowane mai saye na kullum yana da kwandunansa. In ya sayar sai ya dawo da kwando babu komai, in cika masa. Kwandunan da suka dawo su ke gaya wa Iliya kasko nawa zai ɗora, kasake su gaya wa inji iyakar abin da zai matsa, inji kuma ya gaya wa masu adda yawan raken da za su sara da safe. Da can daga gona nake turo kaya zuwa kasuwa ina fatan a saya. Yanzu kasuwa ce ke jawowa, maganar ta biyo baya-baya har ta kai fadama. In azumi ko sallah ta matso nakan ƙara a kan abin da kwanduna suka ce, don na riga na sha wancan ɗacin.

Injina yakan yi shiru rabin yini, wani lokacin ma fiye. Na san akwai masu cewa Haruna ya yi sanyi, na kuwa bar su da bakinsu. A wannan shirun muke wanke ƙarafa, mu duba bel, mu shanya tuƙar rake da za a hura wuta da ita, mu kankare kasake. Ma'aikata su leƙa gonakinsu, kuma sun san gobe akwai aiki jibi ma akwai, ba a kashe su da aiki mako guda a sallame su wata guda ba. Ban yi arzikin da na yi mafarki ranar da na sayo ƙarfen ba. Amma ban sake share ɗaki ba, Hajiya Lami ta dawo da cinikinta, 'yarta ce ma ke zuwa yanzu, kuma a cikin sana'ar nan aka ci aka sha aka yi miki karatu. Ina kwana da kwanciyar hankali, Alhamdu lillahi.

Ke ba ki da kwanduna, to ki nemi abin da zai tsaya miki a madadinsu. Ki roƙi izini wata rana ki bi motar rabo. Ki leƙa firjin masu shaguna ki ga naku na yaushe ne a ciki. Da yamma ki tsaya ki ga abin da masu tallar yogot a keke suka dawo da shi. Abin da ya fita ƙofar kamfani daban, abin da aka sha daban, kuma na biyun shi za ki mayar gobe.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata rana, kuma ba za ta yi nisa ba, za ki ga abin da ake sha bai kai a bar inji a kunne ba. Mai kamfanin zai iya shigowa ya tarar da shi a kashe da rana tsaka ya tambayi wanda ya ba da umarni. Kada ki ga laifinsa. Shi ya sayi ƙarfen, kuma na san yadda shirun inji yake a kunnen mai shi. Wanda ya riga ki ban san shi ba, wataƙila malalaci ne da gaske, wataƙila kuma gaskiya gare shi bai iya faɗinta ba. Ke kada ki bari ya zo ya tarar, ki riga shi. Ki same shi tun da wuri, ki gaishe shi yadda aka koya miki, ki roƙe shi ya taka zuwa ɗakin sanyi. Ki nuna masa abin da ya kwana da abin da aka dawo da shi. Ki ajiye turancin makaranta, ki bar shi ya taɓa da hannunsa. Sannan ki ce masa, ranka ya daɗe, ga abin da ake sha, ga abin da injin zai iya, in ana so ya yini yana aiki sai a fara nemo masu sha. In ya ji, Alhamdu lillahi. In ya ce a kunna, dukiyarsa ce, ki kunna, kin fita hakkinsa. Amma kada ki taɓa ce masa kaya na tafiya alhali suna kwance don ki tsira da kujera.

Na san abin da ke ranki. Kina tsoron a sallame ki, ki dawo garin nan a yi ta nuna ki ana cewa ga 'yar boko an koro ta. Ni ma ina wannan tsoron, ba zan ɓoye miki ba, kuma ina son aikin nan ya zauna miki fiye da yadda kike zato. Ina alfahari da ke, Uwani, ko ban taɓa iya faɗa miki ido da ido ba. In sun sallame ki don kin faɗi gaskiyar abin da kasuwa ke ɗauka, ki hau mota ki dawo. Ni da kaina zan tarbe ki a tasha, duk mai magana kuma ya zo ya same ni a zaure.

Jakar nan mai nauyi da kika yi ta ƙorafi a kanta, ki yi haƙuri da ita. Tun makon jiya Innarki take suya da daka, dambun nama da ƙuli-ƙuli da yaji da daddawa, kamar Kano babu kasuwa, kamar gayya ce za ta yi tafiyar. Na tsaya a bakin madafi na fara yi mata irin bayanin da na yi miki, cewa a duba mai ci kafin a ɗora tukunya. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, naka na sayarwa ne."  Da na fita sai na wuce fadama na sa Iliya ya ɗora kasko guda, alhali babu kwandon kowa da ya dawo. Mazarƙwailar da ya sauke ce a ƙasan jakar, a naɗe cikin takarda. Na san ba za ki iya cinye ta ba. Ki ba Goggonki, ki ba maƙwabta, ki ajiye wa kanki guda ɗaya inda danshi ba zai same ta ba.

Ki riƙe salla a kan lokacinta, ki girmama mutanen gidan da kika sauka, ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da labari. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki shugaba mai jin magana da abokan aiki na gari. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya sa mu gan ki lafiya cikin rufin asiri. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinki,
Haruna mai mazarƙwaila